Wanda Ya Ɗauke Fiffiken Hayase

Genzo yana tsugune a tsakar gida yana cire wa karensa kaska lokacin da matarsa Fusae ta sauko daga dutse. Furannin da ta hau da su don bikin gobe suna nan a hannunta, ba ta ajiye ko ɗaya ba.

"An ɗauke fiffiken," in ji ta.

Bai ɗago ba. Ta tsaya tana kallon takalmansa na daji da ke bakin ƙofa, laka ta bushe a jikinsu.

"Maigida, jiya da yamma ina ka je?"

"Duba tarko."

"A wane ɓangare?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. Shekara ashirin da takwas suna tare, bai taɓa ganin wannan kallon a idonta ba.

Duk wanda aka haifa a ƙauyen Kuzuno ya san labarin fiffiken. A damina ta ƙarshe ta yaƙin duniya, jiragen Amurka suka harbo wani ƙaramin jirgin yaƙi, ya faɗo cikin dajin gora a saman ƙauyen. Matuƙinsa saurayi ne ɗan shekara ashirin da ɗaya, sunansa Hayase, daga can arewa mai nisa. Genzo, wanda soja suka ƙi ɗauka saboda kunnensa ɗaya ba ya ji, shi ya bi jini cikin ciyawa ya same shi, ya goyo shi har gari. Kwana uku ya yi a gidan mahaifin Fusae tana jinyarsa, sannan ya cika. Soja suka zo suka kwashe gawa da tarkacen jirgi. Fiffiken farfela guda ɗaya ne ya ɓace musu, aka tsince shi bayan yaƙi, aka rubuta sunan saurayin a jiki, aka gina masa ɗan ɗakin katako a inda jirgin ya faɗi.

Tun daga nan, ran ashirin da huɗu ga kowane wata, Fusae ba ta taɓa fashin hawa ba. Da ciki ta hau, da goyo ta hau. Genzo bai taɓa hana ta ba, bai kuma taɓa raka ta ba. Gobe kuwa shekara talatin cif, kuma a karon farko yayar Hayase za ta zo ta ga inda ƙanenta ya faɗi.

*

Kafin hantsi rabin ƙauyen ya taru a gaban tsohuwar makaranta. Malam Nagatomo, wanda ya koyar da kusan kowa a wurin kafin ya yi ritaya, shi ne shugaban bikin tunawa da za a yi gobe. Shi ya rubuta ɗan littafin tarihin Hayase, inda aka ambaci Genzo a layi ɗaya a matsayin "wani matashi", aka kuma sa hoton Malam a shafi biyu.

"Kada a kira ɗan sanda tukuna," in ji Malam. "'Yan jarida za su zo gobe. In suka ji, ina za mu sa fuskarmu?"

"Ai ba sai an yi nisa ba," wani ya ce. "Ɗan gwangwan ɗin nan na ƙasan kwari, Kanemura. Ƙarfe dai ƙarfe ne a wajensa."

"Ko kuma kusa da haka," in ji matar mai shago. Ba ta kalli kowa ba, amma kowa ya kalli Genzo.

Wani tsoho ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Mutum ya yi shekara talatin yana takara da gawa, ai dole wata rana ya gaji."

Genzo ya ji, duk da ta ɓangaren mataccen kunnen aka faɗa. Ya ce, "Su wa ke hawa can?"

Malam ya lissafa: shi kansa, da Fusae, sai marigayiya Inna Tome, wadda ta rasu a bazarar nan. Ita ma ba ta fashi. Da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, ɗanta Masakichi ne ya yi shekara shida yana goya ta can kowane wata.

Masakichi yana tsaye daga gefe, dogo, shiru-shiru, hannuwansa baƙi da aikin gungumen da yake noman naman kaza, wato laimar kwaɗi ta ci, a kansu. Ya ce, "Tun da aka binne ta ban sake taka hanyar ba."

"Genzo," in ji Malam, "duk kwarin nan babu mai bin sawu kamarka. Amma zan bi ka. Ba don komai ba, don a samu shaida."

"Na gane don me," in ji Genzo.

*

An ɓalle kwaɗon ɗakin da ƙarfe. A ciki sai tokar turaren tsinke da shatin fiffiken a jikin bango, inda katakon bai dushe ba.

Genzo ya sa Malam ya tsaya a kan dutse kada ya motsa. An yi ruwa jiya daga faɗuwar rana zuwa bayan cin tuwon dare, saboda haka ƙasa ta raba masa mutane gida biyu: waɗanda ruwa ya daki sawunsu, da waɗanda suka zo bayan ya ɗauke.

"Wannan naka ne, Malam. Takalmin birni. Kafin ruwa."

"Na zo auna wurin da baƙi za su tsaya."

"Wannan na Fusae ne, na safiyar nan."

"Wancan fa, a bakin ƙofa?"

Genzo ya ce, "Nawa ne."

"Ashe kana hawa."

"Hanyar tarkona ce. Na tsaya, na wuce. Dubi yadda ruwa ya cinye gefensa."

Bai gaya masa abin da ya tsayar da shi ba. Ya tsaya ne yana kallon wurin da gwiwoyin matarsa suka goge katakon bakin ƙofa har ya yi sheƙi.

Sawu na huɗu ya zo bayan ruwa. Takalmin gona ne mai tsagar yatsa, irin wanda kowane magidanci a Kuzuno yake da shi, har Genzo. Ya hau babu kaya, ya sauka dunduniya tana nutsewa. Bai bi hanyar gari ba. Ya yanka ta bayan dajin gora ya faɗa hanyar motocin katako, a nan tsakuwa ta haɗiye shi.

"Hanyar da ɗan gwangwan ke bi ke nan," in ji Malam, da saurinsa.

*

Sun sami Kanemura a ƙarƙashin motarsa. Motar tana kan duwatsu, babu tayoyin baya, ciyawa har ta fara leƙowa ta ƙarƙashinta. Ya fito yana goge hannu, ya saurari Malam har ya gama.

"Mako biyu ke nan tana nan zaune," ya ce. "Sai dai in a kaina na ɗora ta na hau dutse. Ku mutanen sama haka kuke. Kaza ta ɓata, Kanemura. Keke ya ɓata, Kanemura. A ƙasar nan aka haife ni, a nan aka haifi 'ya'yana, amma har gobe baƙo ne ni in an yi sata."

"Ba zargi ba ne," in ji Malam.

"To ziyara ce? Ku shigo a sha shayi." Ya juya ga Genzo. "Kai mafarauci, ka tambayi Malam wa ya zo nan watan jiya yana tambayata ko motata za ta kai wani dogon ƙarfe birni ba tare da ya kuje ba."

Fuskar Malam ta yi ja har wuya.

A hanyar komawa ya faɗi gaskiya. Ya yi magana da gidan adana kayan tarihi na birni. Bayan biki yake so a kai fiffiken can, a sa shi cikin gilashi, da ɗan allo a ƙasa mai bayanin wanda ya tattara tarihin.

"Da sunanka," in ji Genzo.

"A dutse tsatsa ce za ta cinye shi. Matasa duk sun tafi birni. Bayan Fusae wa zai hau?"

Genzo ya ji wani daɗi da ya san bai kamata ya ji ba. Da ma a ce Malam ne. Da ya tsayar da shi a gaban mutane ya karanta masa ƙasa layi-layi, yadda shi Malam yake karanta littafinsa. Ya dubi ƙafafun tsohon, 'yan ƙanana, ya dubi yadda yake haki a gangara ba tare da ya ɗauki komai ba. Fiffiken ya kai nauyin rabin buhun shinkafa. Kuma mai mabuɗi a aljihu irin Malam ba ya ɓalle kwaɗo.

"Ka koma gida, Malam. Ragowar ni kaɗai zan yi."

"Mutane za su ce..."

"Sun riga sun ce."

*

Ya koma inda tsakuwa ta haɗiye sawun. Bai sake kallon tsakiyar hanya ba, sai gefenta. Wanda ya shiga hanya dole ya fita ta wani wuri. Ya yi ta tafiya a sunkuye har rana ta karkata, sannan ya ga wani reshe a karye, inda ya karye ɗin yana can sama da kan mutum. Abu mai tsawo ya bi ta nan a bayan wani.

Sawun ya gangara zuwa rafi. Akwai duwatsun tsallakawa a wurin, manya, busassu, yaro ma yana bi. Mutumin bai bi ta kansu ba. Ya zagaya ƙasa kaɗan inda ruwa bai wuce idon sawu ba, ya shiga da takalminsa. A ɗaya gaɓar, a gindin wani faffaɗan dutse, ya sauke kayansa ya huta.

Genzo ya durƙusa. Katakon goyo, wanda kowa ke ɗaukar itace da gawayi da shi, ƙafa biyu gare shi, in an ajiye shi a laka rami biyu yake bari. A nan akwai ramuka biyun, amma a gabansu akwai shatin wani faifan katako a kwance, tsawon taki biyu, faɗin tafin hannu.

Ya zauna a kan dutsen ya kunna taba, ya bar ta ta cinye kanta a yatsunsa. Bai ƙara bin sawun ba. Ya koma gari ya ce wa Malam a kira kowa filin makaranta, kowane magidanci ya zo da katakon goyonsa.

*

Sun zo da la'asar sakaliya, su goma sha tara, mata suna tsaye daga baya. Kanemura ma ya hawo da ƙafa, ya ce yana so ya ga fuskar ɓarawon da ya yi kama da shi. Fusae tana can ƙarshe, hannuwanta a cikin hannun riga.

Genzo ya sa aka kwara bokitai shida na ruwa a ƙasa. Ya fara ajiye nasa katakon, ya danna, ya ɗaga. Rami biyu.

"Nawa ke nan. Duk wanda ya ce ni ne, ya matso ya duba."

Babu wanda ya matso. Ya yi musu bayanin abin da ya gani a bakin rafi: mutumin da ya ƙi bin duwatsu, ya huta a inda mai ƙarfi ba ya bukatar hutu.

"Ba nauyin ƙarfen ne ya sa shi ba. Sabo ne. Ƙafarsa ta saba da kayan da ba a tsalle da su, kayan da ke cewa a tsaya nan a sha iska."

Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye, suka ɗaga. Rami biyu, rami biyu. Masakichi ne na goma sha huɗu. A jikin nasa akwai ɗan wurin zama da aka ɗaura wa tsumma, a ƙasa kuma faifan katako da ya kafa don tsohuwa ta ɗora ƙafafunta. Wata huɗu da rasuwarta bai cire ba. Ya tsaya riƙe da shi, bai ajiye ba.

"Yaya Masa," in ji Genzo a hankali.

"Ba sai na ɓata muku laka ba," in ji Masakichi. "Ni ne."

Matar mai shago ta ce, "Kai? Kai da ake ba yara misali da kai?"

Masakichi bai dube ta ba. Da Genzo yake magana, kamar su biyu ne a filin.

"Mu biyu muka tafi yaƙi. Yayana ya nutse a teku, aka kawo wa Inna akwati babu komai a ciki sai takarda. Ni na dawo bayan shekara ɗaya da gama yaƙi, ƙashi da fata. Na tarar ta riga ta yi sabon ɗa a kan dutse. Sabuwar shinkafa, shi ne farko. Lemon farko, shi. Ni in na yi tari da dare sai ta ce mazan kirki ba su dawo ba balle su dami mutane. Ban yi aure ba, ka sani. Wa zai kula da ita? Shekara shida ina ɗaukarta a bayana, tana yi masa hira ta saman kaina tun daga rafi." Ya dubi katakon da yake riƙe da shi. "Ranar da za ta tafi, ta kama fuskata da hannu biyu. Tun ina yaro ba ta yi min haka ba. Ta ce, 'Hayase, ka zo?'"

Genzo ya matso kusa da shi.

"Me ka ce?" in ji Genzo.

"Na ce na zo, Inna."

Malam ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Na haƙura da wannan," in ji Masakichi. "Sai shekaranjiya Malam ya zo har gida ya karanta min jawabin gobe, wai in ji daɗi. 'Inna Tome, uwar Hayase.' Sau uku. Sunan yayana babu. Nawa babu."

"Ina fiffiken?"

"Na yi niyyar jefa shi a gurbin rafi mai zurfi. Na kasa. Yana maƙabarta, a jingine da dutsen kabarinta. Tunda shi take so, na kai mata."

Kanemura ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya juya ya kama hanyar kwari. Malam ya bi shi da sauri, ya sha gabansa ya sunkuya har ƙasa yana ba shi haƙuri. Kanemura ya dube shi, ya zagaye shi ya wuce.

Wani ya fara maganar ɗan sanda. Genzo ya ce, "Kwaɗo ɗaya aka ɓalle, ina da wani a gida. Yaya Masa, ɗauko katakonka. Kai ka san inda ake hutawa."

Kafin rana ta faɗi suka mayar da fiffiken, suna karɓa-karɓa. A bakin rafi Masakichi ya ce, "Na bari aka zarge ka."

"Da ban tsaya a bakin ƙofar can jiya ina tunanin yin irin abin da ka yi ba, da na ji haushi," in ji Genzo.

*

Yayar Hayase 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi. Samari biyu suka riƙe ta har sama. Malam ya karanta jawabinsa, an soke wasu layuka da biro, an ƙara sunaye biyu a gefe, na Masakichi da na yayansa. Da aka nuna mata Masakichi aka ce mahaifiyarsa ta yi shekara talatin tana kawo wa ƙanenta abinci, ta sunkuya a gabansa ta daɗe. Ta ce tasu uwar ta rasu tana tambaya ko akwai mai kula da shi a can. Masakichi ya sunkuya shi ma.

Sai ta fito da hoto. Babu wanda ya taɓa ganin fuskar Hayase ba jini sai ranar. Hoton ya zagaya hannu-hannu. Genzo bai kalle shi sosai ba, matarsa yake kallo. Ta riƙe shi fiye da kowa.

Su biyu suka sauko ƙarshe. A tsakiyar dajin gora Fusae ta ce, "Na zarge ka. Ka yafe ni."

"Kina da dalili."

Suka ɗan taɓa tafiya.

"Fusae, me kike gaya masa duk wata?"

Ta tsaya. "Haƙuri nake ba shi."

"Na me?"

"Mai maganin da aka kira ya ce kada a ba shi ruwa, raunin a ciki yake. Kwana biyu yana roƙona. Rana ta uku da babana ya fita, na ba shi kofi guda. Kafin azahar ya mutu." Ta kawar da kai. "Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Genzo ya dafa gora ya tsaya.

"Ni na goyo shi," ya ce. "Tun a daji na ji warin hanjinsa, ya huje. Na sha ganin haka a jikin barewa. Ko ki ba shi ko ki hana shi, ba zai ga rana ta huɗu ba. Mai maganin ma ya sani. Da ƙishirwa kawai zai mutu."

Ta dube shi, bakinta a buɗe. Sai ta zauna a kan hanya, a cikin kayanta na biki, ta rufe fuska ta yi kuka irin wanda bai taɓa jin ta yi ba ko ranar da aka binne babanta. Ya tsuguna kusa da ita ya jira.

Da ta lafa, ta share fuska, ya taimaka mata ta miƙe. Ya san ya kamata ya yi shiru, amma ya kasa.

"To ba son sa kike ba ke nan."

Fusae ta kakkaɓe ganyen da ya manne a rigarta, ɗaya bayan ɗaya.

"Kwana uku ne, Genzo," ta ce. "Ina 'yar shekara goma sha takwas."

Ya jira ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Ta saƙala hannunta a nasa saboda santsin gangara, suka ci gaba da sauka.